Tambayar da Gwamnati Ta Yi wa Adda

Na daɗe ina jin abin da kuke faɗa a tsakaninku game da yadda aikina ya ƙare, ko da yake ba a gabana kuke faɗa ba. Wasunku sun ɗauka wani laifi na yi aka rufa mini asiri. Wasu sun ji a bakin mutane cewa an gano ni ba ɗan ƙasar nan ba ne. Hadiza kuwa, da yake ita ce lauyar gidan, ta taɓa cewa kakarku ce ta kashe mini aiki da bakinta. Ban tanka ba, domin na gaji da maganar tun kuna makaranta. Yanzu da ido ya fara raguwa, gwiwa kuma ta daina yarda da doguwar mota, na ga gara in rubuta muku yadda aka yi, kowa ya karanta, ni kuma in huta.

Kun san aikina tafinta ne. Ban taɓa riƙe bindiga ba, ban taɓa bin sawun kowa ba. Wani ya yi magana, in juya ta zuwa harshen wani, shi ke nan. Fulatanci na sha a nono, Barbarci na tsinta a lungunan Nguru, Badanci a bakin kogin Gashua wurin masunta, Hausa kuwa ba wanda ke tuna ranar da ya koye ta. Faransanci na samo a hayin iyaka ina yaro, Larabci da Turanci a makaranta. Da waɗannan harsuna gwamnati ta yi ta yawo da ni. Na zauna a Yamai da Njamena, na yi watanni a Khartum, na je Alƙahira da Dakar da Faris, na tsaya a bayan kujerun manya har ƙafafuna suka san kowane irin daɓe. A duk inda na je na lura da abu guda: kowace gwamnati tana da ɗakin da ba kowa ke shiga ba, kuma kowacce tana da irin tambayar da take yi kafin ta buɗe maka ƙofar. Wani tafinta Bafaranshe ya gaya mini su abin da aka fi tona musu shi ne shaye-shaye da matan waje. Wani na Khartum ya ce su dangi ake bi, a ji wane ne kawunka, wa ya auri ƙanwarka. Mu a nan mun haɗa duka biyun, muka ƙara da namu.

Bari in bayyana muku yadda abin yake, don na ga kuna rikita shi da ƙarin girma. Takardun gwamnati hawa-hawa ne. Akwai wadda ba ta fita daga ofis amma kowane ma'aikaci zai iya gani. Akwai ta sirri. Akwai wadda ta fi ta. Can sama kuma akwai wadda in ta fita, ana iya rasa rayuka, ko ƙasa biyu su ɓata. Kowane hawa yana da tasa tantancewar, wato binciken da ake yi a kan mutum kafin a yarda ya gani ko ya ji. Ba muƙami ba ne, ba lada ba ne, ba kuma hakkinka ba ne da za ka kai ƙara in an hana ka. Amana ce ake ba ka aro, ana iya karɓewa ba tare da an ce maka ga dalili ba. Ko an tantance ka ma, ba duk abin da ke hawan za ka gani ba, sai wanda aikinka ya buƙata. Abin da mutane ba su gane ba shi ne, masu binciken ba laifi suke nema ba. Shakka suke nema. A kotu sai an tabbatar ka yi laifi kafin a hukunta ka. A wurinsu kuwa sai an tabbatar babu ko ɗigon tababa kafin a yarda da kai. Wanda ya yi abin kunya ya faɗa da bakinsa yana iya wucewa, domin ba mai tsorata shi da abin da ya riga ya bayyana. Wanda bai yi komai ba amma labarinsa ya zo kashi biyu, shi ne ke maƙalewa.

Na yi shekaru ina da izinin hawa na tsakiya, kuma binciken da aka yi mini a kansa bai wuce Abuja ba. Sai tsaro ya taɓarɓare a yankinmu, ƙasashen da ke kewaye da tafkin Chadi suka fara zama a rufe, ana buƙatar mutumin da zai ji Faransancin jami'i da Barbarcin ƙauye a zama ɗaya. Irinmu ba mu da yawa. Maigidana a ofis ya kira ni ya ce an sa sunana, amma ɗakin na hawan ƙarshe ne, sai an sake tantance ni, kuma wannan karon za a je har garin da aka haife ni.

"Ka kwantar da hankalinka, Malam Umaru," in ji shi. "Kai da ko goro ba ka ci? Za su je su sha ruwa su dawo."

Ba zan ɓoye muku ba, na so wannan aiki. Na kusa ritaya, na ƙare ƙuruciyata ina fassara jawabin maraba da na godiya. Ga magana ta zo a kan ƙasar da aka binne cibiyata, a kan hanyoyin da na bi a ƙafa, a kan mutanen da na san yadda suke cewa i alhali a'a suke nufi. Na ga in an yi kuskuren fassara a ɗakin nan, ƙauyen wani ne zai ƙone. Na ce a raina, ko ba komai zan yi amfani sau ɗaya kafin in koma gida.

To, ga inda gizo ya yi saƙa. Ni ɗan fari ne a wurin mahaifiyata, wadda kuke kira Dada. Fulanin gida ne mu, an daɗe da zama a Nguru, amma kunyar ɗan fari ba ta bar gidanmu ba. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san da shi. Ana yaye ni aka miƙa ni ga ƙanwar mahaifina, Goggo Hurera, wadda ke aure a Gashua kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Mijinta, Malam Bukar, ɗan kasuwar dabbobi ne, asalinsa daga hayin iyaka, can bayan Machina. Shi ya kai ni makaranta, da sunansa aka rubuta ni, shi ya sa har yau sunansa ne a bayan nawa da naku. Akwai shekarun da kasuwa ta mayar da shi garinsu, muka bi shi, a can na shiga ajin Faransanci kafin mu dawo. Ita kuwa wadda ta haife ni, ban taɓa ce mata Inna ba. Adda nake ce mata, kamar yayata ce. In na je Nguru hutu, ba ta duban fuskata. Sai ta ce wa wata a gidan, "A ba mutumin Gashua abinci." Amma kullum ƙwaryar da ta fi maiƙo ita ke zuwa gabana, kuma in zan tafi sai in tarar an cusa man shanu a ƙasan jakata, ba a san wanda ya sa ba. Ban taɓa jin na rasa uwa ba. Biyu gare ni, ɗaya mai faɗa da ƙarfi, ɗaya mai yin shiru.

Duk wannan na gaya wa masu binciken a Abuja. Na ce uwata tana Nguru, sunanta kaza, mahaifina ya rasu, goggona ce ta riƙe ni. Abin da ban yi tunanin faɗa ba shi ne yadda za a yi tambayar, domin a wurina ba abin faɗa ba ne, kamar ka ce wa mutum in ya shiga masallaci ya cire takalmi.

Samari biyu aka aika. Ƙanena Buba, wanda ke riƙe da gidanmu na Nguru, shi ya ba ni labari daga baya a waya, yana dariya, don bai san abin da ya faru ba. Ya ce ranar kasuwa suka zo, shi yana kara, kasuwar shanu, suka yi sallama aka shigar da su zaure, Adda ta zauna daga bayan ƙofa. Ɗaya ba ya jin Hausa sosai, ɗayan Bahaushe ne amma tashin Legas. Suka ajiye rikoda suka ce, "Mama, Umaru ɗanki ne?"

Ta sunkuyar da kai. Suka sake tambaya. Ga baƙi maza, ga matar Buba a tsaye, ga jikoki suna leƙe.

"Ni ba ni da ɗa mai wannan suna," in ji ta. "Ku je Gashua, uwarsa tana can."

Suka hau mota suka kama hanyar Gashua. Goggo Hurera tana shanya tattasai a tsakar gida suka iso. Ku da kuka san ta kun san ba a yi mata tambaya sau biyu.

"Ɗana ne mana! Wa ya aiko ku? Wa ya ce ba ɗana ba ne? Ni na goya shi, ni na yi jinyar ƙyandarsa, a bayana ya ƙetare iyaka ya dawo. Duk wanda ya ce ba ni na haife shi ba, ya zo ya faɗa a gabana!"

Suka tambaye ta mijinta mutumin ina ne, ta faɗa musu da alfahari, har da sunan garin da na kakanninsa. Maƙwabta kuma da aka tambaya suka ce ai ɗan Malam Bukar ne, kowa ya sani. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa ya faɗi abin da mai mutunci zai faɗa. A garinmu in ka ce wa baƙo yaron nan ɗan riƙo ne, ka ci fuskar wadda ta riƙe shi. Amma da aka kai wannan Abuja, abin da ya fito shi ne: mutumin da ake shirin sakawa a ɗakin sirri tsakanin ƙasa da ƙasa ya ce uwarsa tana Nguru, matar ta ce ba ta san shi ba, wata kuma ta ce ita ta haife shi da wani mutumin ƙasar waje, kuma a can ya yi karatu.

Ba wanda ya kira ni ya gaya mini. A wannan aiki ba a gaya maka, kai ne za ka lura. Takardun da suka saba zuwa teburina suka ragu. Wata rana ina tsakiyar fassara a wani ƙaramin zama, da aka zo wani batu sai shugaban zaman ya ce, cikin ladabi, ko zan ɗan sha iska a waje. Na fita na zauna a kan benci tare da direbobi. Abokan aiki da muke cin abinci tare suka koma gaishe ni daga nesa, ba don ƙiyayya ba, don kowa yana tsoron kada a tambaye shi me ya haɗa shi da ni. Na taɓa ganin an yi wa wani haka a Njamena, na tausaya masa daga nesa, ni ma. Damina ta shiga ta fita ina wannan zama.

Daga ƙarshe wani babban jami'in bincike ya neme ni, Malam Ishaya, dattijo daga kudancin Borno, Kirista, mai Hausa kamar ta Kano. Ya rufe ƙofa ya kunna mini muryar Adda. Ban taɓa jin muryarta a cikin na'ura ba. Na ji yadda ta yi ƙasa da ita, na san ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ina jin faifan nan na san abin da ya faru," in ji shi. "Na yi aiki a Mubi, na zauna da Fulani. Da ni aka aika, da ba ita zan tambaya ba, da kishiyar uwa ko ungozoma zan nema. Amma an riga an tambaya, ta riga ta amsa, kuma waɗanda za su sa hannu ba su taɓa zama a Mubi ba."

Na ce lawanin unguwarmu zai ba da shaida, limamin da ya raɗa mini suna ma ɗansa yana nan. Ya ce an riga an karɓi duk wannan, amma na sama sun ce uwa tana raye, an tambaye ta, ta ce a'a, shaidar lawani ba ta goge bakin uwa. Na kawo maganar gwajin jini. Ya girgiza kai ya ce ba kotu ba ce, ba a tuhume ni ba balle a nemi in kare kaina, kuma ba su da hanyar karɓar irin wannan. Hanya ɗaya ce. Shi da kansa zai je Nguru, Adda ta faɗi sunanta, ta faɗi nawa, ta ce ita ta haife ni, ta faɗi inda ta haife ni. Magana huɗu, a gaban shaida, da bakinta. In ta yi, shi zai ɗauki sauran a wuyansa.

Da na gaya wa mahaifiyarku, Hajiya Falmata, sai ta ajiye tsintsiyar hannunta. Ita Babarbariya ce, kunyarsu daban da tamu.

"To mene ne a ciki? Ba ita ta haife ka ba? Zunubi aka ce ta yi? Ni na haifi Hadiza, ina kiran sunanta safe da yamma, ban mutu ba."

Na ce ba ta gane ba.

"Na gane sarai, Alhaji. Shekara nawa ina kallonku, kai da ita, kuna magana ta bakin bango? Yau ga ranar da bangon zai faɗo maka a ka."

Buba kuwa da ya fahimci girman abin, dariyarsa ta ɗauke. Ya ce in bar masa, shi zai lallashe ta, ai shi auta ne, ba abin da ba ya gaya mata. Goggo Hurera ce ta fi ba ni wahala. Na biya ta Gashua kafin in wuce, na same ta a ɗaki ta juya fuska ga bango. Wani ya riga ya kai mata labarin cewa maganarta ce ta ja mini.

"Wato yanzu gwamnati ce za ta gaya mini ban haihu ba," in ji ta. "Mutanen gari sun rufa mini asiri shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa goranta mini, sai yaran da ba su san gaisuwa ba."

Na ce, "Goggo, ba wanda ya ce haka."

"To je ka. Je ka ta faɗa. Ta faɗa duniya ta ji. Ni dai na san bayan da ka yi wa fitsari."

Na fito na bar ta tana kuka, na hau mota zuwa Nguru. Hanyar nan na bi ta tun ana tafiya a bayan akori-kura, amma ban taɓa jin tsawonta kamar ran nan ba. Ana yankan shinkafa a fadama, ruwa ya ja baya, ciyawar kachalla ta cinye inda muke kamun kifi muna yara. Ina kallo ina tsara yadda zan fassara wa Adda abin da ake so, ni da na fassara wa ministoci, na rasa ta inda zan fara. Ashe ma ba sai na yi ba. Buba ya riga ya gaya mata komai, kuma ya ce mini da ta ji, sai ta sa an wanke mata zanen da take zuwa Idi da shi.

Malam Ishaya ya iso da hantsi, shi da wata jami'a mace da ya zo da ita don a sauƙaƙa wa tsohuwa. Ya cire takalmi tun daga ƙofar zaure, ya durƙusa ya gaishe ta da Fulatancin da ya tsinta a Mubi, har ta ɗan yi murmushi. Aka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya. Doka ta ce sai da shaida, don haka lawani ya zo, da Buba. Ni an ce zan iya zama amma kada in yi magana, na zauna can gefe kusa da turken awaki. Ban taɓa zama kusa da ita haka a gaban mutane ba. Sai ran nan na ga yadda ta ƙanƙance, na ga hannayenta duk jijiya.

Ya ajiye rikodar a kan tabarma ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ki faɗa mana sunanki."

Ta faɗa, da na mahaifinta.

"Kin taɓa haihuwa a gidan nan?"

Ta ce, "Allah ya ba ni."

"Na farko, namiji ne ko mace?"

Ta dubi tabarma ta ce, "Namiji."

"Yana raye?"

"Alhamdu lillahi."

Na ga dabararsa, yana jan ta a hankali kamar mai ƙetarar da saniya a kogi. Saura taki ɗaya. Ya sassauta murya ya ce, "To Inna, mene ne sunansa? Yana nan a wurin nan? Ki nuna mana shi."

Ta ja mayafinta gaba har ya rufe goshi. Lawani ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, don shi ma kunya ta kama shi. Buba ya ce, "Dada, faɗi mana, ba komai." Na ga leɓenta yana motsi ba sauti. Na ga gumi yana gangarowa ta gefen kunnenta, yatsunta sun damƙe bakin tabarma har kaba ta karye. Mace ce da ta binne miji da 'ya'ya uku ban ji an ce ta ɗaga murya ba. Abu ɗaya ta riƙe tun tana yarinya, shi ne mutuncinta a idon kanta, ga shi an shimfiɗa shi a tsakar gida ana jira ta taka, saboda ni, saboda in shiga wani ɗaki a Abuja. Ta buɗe baki.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce da Fulatanci, ban dube ta ba, "Ya isa, Adda. A bar shi." Na juya ga Malam Ishaya na ce masa da Turanci, don kada ta ji, ya kashe na'urar, na janye.

Ya dube ni ya ce, shi ma da Turanci, in zauna, saura kaɗan, kada in yi wa kaina haka. Na ce na gode, amma an gama. Ya miƙa hannu ya kashe.

Na raka shi bakin mota. Bai yi fushi ba, gajiya ce kawai a fuskarsa irin wadda ke tawa. Ya ce ba zai rubuta cewa na yi ƙarya ba, don ya san ban yi ba. Zai rubuta cewa ba a kammala ba. Amma in sani, wanda aka tantance ya tsoma baki a tsakiyar tambayar shaida, wannan kaɗai ya isa, kuma fayil da ba a kammala ba ya fi wanda aka ƙi muni, domin wanda aka ƙi yana iya neman a sake dubawa, wanda ba a kammala ba kuwa yana nan a buɗe har abada, ba mai taɓa shi.

Yadda ya faɗa haka aka yi. Ba a kore ni ba, ba a rage mini matsayi ba, ba a taɓa ce mini ga laifina ba. Izinin tsakiyar ma da nake da shi, da lokacin sabunta shi ya zo, sai aka yi shiru. Aka mayar da ni sashen fassara jaridun ƙasashen maƙwabta, abin da kowa zai iya saye a bakin titi. A can na ƙarasa shekaruna. Ɗakin nan kuwa aka sa wani yaro mai kyakkyawan Faransanci wanda bai taɓa kwana a ƙauyen Barebari ba. Ban san abin da aka faɗa a ciki ba, ban san ko an yi kuskure ba, kuma ba ni da izinin sani. In na ji a rediyo an kai hari wani gari da na sani, nakan kashe rediyon in fita waje. Mahaifiyarku ta yi wata guda ba ta yi mini maganar da ta wuce ta abinci ba. Buba har ya rasu yana cewa na yi gaggawa. Goggo Hurera kaɗai ta ji daɗi, ta aiko mini da buhun shinkafa, ba ta san abin da ya ci ba, ni kuma ban gaya mata ba.

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne abin da ya faru bayan motar ta tafi. Na koma cikin gida in ɗauki jakata. Lawani ya tafi, Buba ya fita don haushi. Adda tana nan inda aka bar ta a kan tabarma, da zanen Idinta, tana tsince karyayyar kabar nan ɗaya bayan ɗaya. Na tsuguna daga nesa na ce zan koma. Ba ta dube ni ba. Ta kira matar Buba ta ce a dama wa mutumin Gashua fura, rana ta yi, kada ya kama hanya da yunwa. Da matar ta shiga ɗaki, muka rage mu biyu, sai ta yi magana tana fuskantar awaki, a hankali, kamar da su take.

"Kwana uku ina koyon faɗin sunan nan a ɗaki. Da mutum ya yi haƙuri kaɗan, da ya ji."

Na sha furar na tafi. Ta ƙara shekaru a duniya bayan wannan, ina zuwa ina gaishe ta, tana sa a ba ni abinci, har Allah ya karɓi abarsa. Ba a sake tambayar ta ba, ita kuma ba ta sake samun dalili ba.